Kofin Ƙasa na ƙwallon ƙafa: daga ina ya taso, kuma me ya sa yake yawan kwana a Yamai?

"Assalamu alaikum, Malam. Ni matashi ne a nan Tawa, ina buga ƙwallo a unguwarmu. Kowace shekara ina jin labarin Kofin Ƙasa a rediyo, ana cewa wance ta fitar da wance, amma tun da na yi wayo ban ga kofin ya zo jiharmu ba. Yaushe aka fara wannan gasa, me ya bambanta ta da shampiyona, kuma me ya sa kusan kullum ƙungiyoyin Yamai ne ke ɗauka? Anya ƙungiya irin ta garinmu za ta iya ɗaga shi wata rana?"

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya yi maka albarka da ka damu da sanin tushen abin da kake so. Idan na fahimce ka, kana neman tarihin gasar da yadda ake buga ta, amma abin da ya fi ci maka rai shi ne na ƙarshen: ko mu mutanen jihohi muna da rabo a wannan kofi, ko kuwa rakiya kawai muke yi wa 'yan babban birni. Ni malamin wasanni ne, na daɗe ina horar da yara a nan Tawa, na zauna a benci a wasannin share fage na jiha, don haka daga bakin fili zan amsa maka. Tun yanzu ma zan gaya maka inda na tsaya: a dukan gasannin ƙwallon ƙasar nan, Kofin Ƙasa ne kaɗai ƙofar da ƙaramar ƙungiya za ta iya bi ta kai ga babban suna cikin shekara guda, kuma an taɓa bi ta wannan ƙofa daga jihohi. Ƙofar ce ta ƙuntata, kuma akwai dalilan da suka ƙuntata ta.

Shampiyona daban, kofi daban

A shampiyona kowace ƙungiya tana karawa da 'yan'uwanta na rukuni guda, a tara maki: uku ga wanda ya ci, ɗaya idan an tashi canjaras. Ana yin watanni ana bugawa. Idan yau an doke ka, mako mai zuwa kana iya gyarawa. Wannan tsari yana saka wa mai yawan 'yan wasa, mai kuɗin tafiye-tafiye, wanda idan ɗan wasansa ya ji rauni yana da wani a benci da bai gaza shi ba. Shi ya sa da wuya talaka ya ci shampiyona a ko'ina cikin duniya.

Kofi kuwa sili ɗaya ƙwale ne. A jefa ƙuri'a, ta haɗa ka da wanda ta haɗa ka, ku buga. Wanda aka doke ya kwashe kayansa ya koma gida sai baɗi. Idan minti 90 suka cika ba wanda ya yi galaba, a tafi ƙarin lokaci ko kuma bugun fenariti, gwargwadon dokar zagayen. Abin da ya fi muhimmanci shi ne gasar a buɗe take ga ƙungiyoyin da ba sa cikin rukunin farko. Yawanci ana fara tankaɗe da rairaya a jihohi, waɗanda suka tsira su haɗu da manya. Ƙungiyar da ba za ta iya jure wata bakwai tana fafatawa da manyan ƙungiyoyin Yamai irin su AS GNN ko Sahel ba, tana iya jure musu yammaci guda. A kan wannan yammaci gudan aka gina gasar gaba ɗaya.

Ba mu muka ƙirƙiro tsarin ba. Mafi daɗewar irin wannan gasa ita ce kofin FA na Ingila, wanda aka fara a kakar 1871 zuwa 1872 bisa shawarar sakataren hukumar ƙwallonsu, Charles Alcock. Ƙungiyoyi 15 suka yi rajista, kuma a wasan ƙarshe, cikin Maris 1872, Wanderers ta ci Royal Engineers ɗaya da nema. Ka lura, Royal Engineers ƙungiyar soji ce, wato tun ranar farko masu kaki suna cikin tarihin kofi. Faransa ta kafa nata a 1917, ana tsakiyar yaƙin duniya na farko, aka sa masa sunan Charles Simon, wani jagoran wasanni da ya mutu a fagen daga. Na Faransa ne ya fi shafar mu, domin daga gare su muka gaji tsarin hukumar ƙwallo, da lisans ɗin ɗan wasa, da rabon ƙungiyoyi zuwa lig-lig na jihohi. A zamanin mulkin mallaka an yi kofin Afirka ta Yamma ta Faransa daga 1947 zuwa 1960. US Gorée ta Senegal ce ta fara ɗauka, Étoile Filante ta Lome ta rufe, kuma ƙungiyoyin biranen bakin teku ne suka mamaye shi. 'Yan'uwanmu na Najeriya su ma tun 1945 suke da nasu, wanda aka fara da sunan Kofin Gwamna, kuma Kano ta ɗauke shi a 1953.

Yadda namu ya fara

Kofin Ƙasa na Nijar a 1974 aka fara shi, shekarar da Seyni Kountché ya karɓi mulki a watan Afrilu. Kafin nan akwai shampiyona tun 1966, kuma ƙungiyoyin Yamai a lokacin da lambar yanki ake kiran su. Secteur 6 ce ta mamaye shekarun farko, ita ce ta koma Olympic FC. Secteur 7 kuma ta koma Sahel SC. Wannan yana da muhimmanci ga fahimtar abin da ya biyo baya, domin waɗannan ƙungiyoyi na unguwa ne. Mai goyon bayan Olympic ko Sahel ba don aikinsa yake goyon baya ba, don gidansu ne, don wansa ya buga a can, don mai shayin bakin layinsu shi ne ke ajiye rigunan 'yan wasa. Har yau Sahel SC ce ta fi kowa yawan ɗaga Kofin Ƙasa, kuma ta ɗaga shi a kusan kowane zamani: a shekarun 1970, da 1992 da 1993, da 2011 da 2012, har zuwa 2017.

Shekara guda bayan kafa kofinmu, a 1975, hukumar ƙwallon Afirka, wato CAF, ta buɗe gasar zakarun kofuna, wadda Tonnerre ta Yawunde ta fara ci. Daga nan ɗaukar Kofin Ƙasa ya wuce biki na cikin gida, ya zama tikitin jirgi zuwa wata ƙasa. A 2004 aka haɗe wannan gasa da kofin CAF, aka sami Kofin Konfederashon da muke gani yau, kuma mai riƙe da Kofin Ƙasa ne ke wakiltar mu a ciki.

Yanzu ga ɓangaren da nake so ka riƙe da kyau. A farkon shekarun 1980 ƙwallon ƙasar nan ya taɓa barin Yamai. Jangorzo ta Maraɗi ta ci shampiyona a 1983. Espoir ta Damagaram ta ci a 1984, kuma a tsakiyar waɗannan shekaru ta kai Kofin Ƙasa Damagaram. A ganina ba haɗari ba ne. Zamanin samariya ne, kowace unguwa da kowane gari suna da shugabannin matasa, ana gasar waƙa da wasan kwaikwayo da kokowa da ƙwallo tsakanin jihohi, kuma hukumar jiha tana jin kunya idan aka dawo hannu rabbana. Attajiran Maraɗi da Damagaram kuma suna ganin ƙungiyar garinsu a matsayin mutuncin garin. Ba ina yabon mulkin soja ba ne, kowane zamani da nasa ciwo. Abin da nake nuna maka shi ne lokacin da gari ya ɗauki ƙungiyarsa da muhimmanci, nisan hanya bai hana shi ba, alhali hanyoyin wancan lokaci ba su fi na yau kyau ba.

A 1989 aka buɗe babban filin wasa na Yamai, wanda ke ɗauke da sunan Janar Seyni Kountché, mai cin mutum 35,000. Shi ya zama gidan wasan ƙarshe, wanda aka saba haɗawa da bikin 3 ga Agusta, ranar samun 'yancin kai kuma ranar dashen itatuwa. Shekarun 1990 sun zo da rikicin siyasa da ƙarancin kuɗi, ga karyewar darajar sefa a 1994, kuma ƙwallon jihohi ya ji jiki. A ƙarshen waɗannan shekaru JS Ténéré ta Yamai ta yi abin da ba a saba gani ba, ta ɗauki kofin sau huɗu a jere daga 1997 zuwa 2000. Bayanta Akokana ta Arlit ta ɗauka, daga can ƙuryar arewa, garin ma'adinin uraniyom. Ka duba taswira ka ga inda Arlit take, kimanin kilomita 1,200 daga Yamai, sannan ka sake tambayar kanka ko Tawa ta yi nisa.

Zamanin masu kaki da kamfanoni

Daga tsakiyar shekarun 2000 sai hoton ya canza. Karanta sunayen masu ɗauka ka gani: AS Police a 2008, ASFAN ta sojoji a 2009 da 2010, Nigelec ta kamfanin wutar lantarki a 2013, SONIDEP ta kamfanin man fetur a 2015 da 2019, AS Douanes ta ma'aikatan duwan a 2016, AS GNN ta gardi a 2018, USGN ta jandarmomi a 2021. A 2020 ba a kai ƙarshen gasar ba saboda annobar korona. Idan ka cire Sahel, wadda ta riƙa kutsawa tsakaninsu, za ka ga kusan duk ƙungiyoyin hukuma ne ko na kamfanin gwamnati. Saboda haka idan ka ce "ƙungiyoyin Yamai", akwai gyara kaɗan a maganar. Su ma tsofaffin ƙungiyoyin unguwannin Yamai, irin su Olympic da Zumunta, abin da ya same mu ya same su. Ba gari ne ya rinjayi gari ba, mai kasafin kuɗi ne ya rinjayi mai karo-karo.

Kada ka ji na faɗi haka ka ɗauka ƙungiyoyin nan ba su yi wa ƙasa komai ba. Sun yi, kuma dole a faɗa. ASFAN ta ci kofin ƙungiyoyin Afirka ta Yamma a 1996. A 2010, bayan ta ɗauki Kofin Ƙasa na 2009, ta shiga Kofin Konfederashon ta fitar da Étoile du Sahel ta Tunisiya, ta fitar da Al-Merrikh ta Sudan, ta kai matakin rukuni inda ta haɗu da Al-Hilal da Djoliba da Al-Ittihad. Wanda ya san girman Étoile du Sahel a ƙwallon Afirka ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. A daidai wannan lokaci Mena, ƙungiyar ƙasarmu, ta doke Masar ɗaya da nema a Yamai, da ƙwallon Moussa Maâzou, wanda shi ma daga ASFAN ya tafi Turai, har muka je gasar cin kofin Afirka a 2012 ƙarƙashin Harouna Doula, muka sake komawa a 2013. USGN ita ma ta kai matakin rukuni a kakar 2021 zuwa 2022, ta kara da Berkane ta Maroko da Simba ta Tanzaniya da ASEC ta Abijan. Kuɗi da tsari suna aiki, ba ƙarya. Damuwata ita ce abin da aka rasa a hanya. Ƙungiyar ma'aikata tana da motar tafiya da likita da albashi, amma ba ta da unguwar da za ta fito kwanta da kwarkwata. Shi ya sa za ka ga manyan ƙungiyoyi biyu suna bugawa a fili mai cin dubbai, kujeru fayau, alhali wasan TGV, gasar matasa ta hutun damina, a wani fegi na unguwa sai ka rasa inda za ka sa ƙafa.

Me ke hana mu?

Abu na farko shi ne yaron kirki ba ya zama. Ka horar da yaro tun yana ɗan shekara goma sha biyu, ka koya masa tsayuwa da karɓar ƙwallo, ranar da ya fara haskawa a wasan jiha sai a zo daga Yamai. Can ana ba shi kuɗin wata a kan lokaci, wani lokaci har da begen samun aiki idan ƙafa ta gaji. Nan kuwa abin da muke iya ba shi kuɗin sabulu ne, shi ma sai in an samu. Ban taɓa hana yaro tafiya ba, kuma ba zan hana ba, domin yana da iyaye da ƙanne. Amma sakamakon shi ne kowace shekara ƙungiyar jiha daga tushe take sake farawa, kuma sau da yawa ɗan garinku ne zai ci ku sanye da rigar wasu.

Na biyu hanya. Daga Tawa zuwa Yamai kimanin kilomita 550 ne, Damagaram kusan 900, Difa ta haura 1,300. Bari in nuna maka abin da tafiyar take yi wa ƙafar ɗan wasa, domin mai sauraron rediyo sakamako kawai yake ji. Akwai shekarar da ƙuri'a ta kai mu wani gari mai nisa. Kuɗin mota ba su haɗu ba sai jajibirin wasa, bayan shugaban ƙungiya ya bi shagunan kasuwa ɗaya bayan ɗaya, wannan ya ba da jikka biyu, wancan biyar. Muka tashi bayan sallar asuba, yara a matse, jakar ƙwallaye a kan cinya, gwiwa a naɗe. Muka isa da dare, muka kwana a ajin makaranta a kan tabarmi, abincin dare burodi da sardin. Washegari da la'asar yaran nan suka riƙe ƙungiyar da ta fi su komai har minti na 70 ba ci. Daga nan na ga mai tsaron bayanmu na dama yana dafa cinya, jijiya ta ɗaure. Na waiwaya benci, wanda zan sa a madadinsa yaro ne da bai taɓa buga babban wasa ba. Ta wannan gefe ƙwallo biyu suka shiga. Waɗanda suka ji a rediyo suka ce an fi mu iyawa. Ni da nake wurin na san a mota aka ci mu.

Na uku shi ne fili da yawan wasa. Ƙungiyar rukunin farko tana zuwa kofi da wasanni masu zafi a ƙafarta, tana atisaye a kan ciyawa. Ƙungiyar jiha wani lokaci sai ta yi makonni ba ta buga wasan gasa ba, atisayenta a kan tsakuwa da rairayi. Ƙwallo a ciyawa gudu yake yi, a rairayi tsayawa yake yi, kuma yaron da ya saba da ɗaya sai ya ɓata rabin lokaci kafin ya gane ɗayan. Akwai kuma maganar takardu, wadda nake ganin ta fi duka ban takaici domin a hannunmu take. Ƙungiyoyi sun sha cin wasa a fili a ƙwace musu a tebur, saboda an sa ɗan wasan da lisans ɗinsa bai fito ba, ko wanda ke da dakatarwar kati. Wannan ba laifin Yamai ba ne.

Yadda ƙarami ke kayar da babba

Duk da haka kofi kofi ne, kuma tarihinsa a ko'ina cike yake da ranar da lissafi ya ƙi. A Faransa a 2000, Calais, ƙungiyar rukuni na huɗu wadda 'yan wasanta ma'aikata ne masu sana'o'insu, ta kai wasan ƙarshe, Nantes ta ci ta biyu da ɗaya da ƙyar. A Ingila a 2013 Wigan ta doke Manchester City ta ɗauki kofin, a kakar da ta faɗo daga rukunin farko.

Abin da na koya a benci shi ne ƙaramar ƙungiya ba ta cin babba da kwaikwayonta. Idan ka ce za ka yi musu tiƙi-taka, wato wasan gajerun miƙe-miƙen ƙwallo, minti ashirin sun ishe su. Abin da nake gaya wa yarana shi ne mu raba wasan gida-gida: mu tsira a kwata na farko, sannan mu kai hutun rabin lokaci ba a ci mu ba. Layi biyu na mutum huɗu-huɗu, kusa da juna, kada a bar rata tsakanin 'yan baya da 'yan tsakiya. Duk mintin da ya wuce ba ci, nauyi yana barin kanmu yana komawa kansu, domin su ne za su ji kunya. Za ka fara jin kocinsu yana ɗaga murya, 'yan bayansu suna hawowa fiye da kima, kuma a nan ne yaro guda mai gudu yake da amfani. Sai kwana da firikik. Ƙaramar ƙungiya ba za ta sami dama goma ba, wataƙila biyu ko uku, kuma yawanci daga ƙwallon da aka ajiye suke zuwa. Duk mako na kan ware yammaci guda ba abin da muke yi sai wannan: wa zai tare gola, wa zai tashi a turken farko, wa zai tsaya baya saboda kada a juyo mana.

Fenariti kuma, mutane suna cewa sa'a ce. Rabo na Allah ne, amma shiri namu ne. Ina sa yara su buga shi a ƙarshen atisaye, lokacin da numfashi ya ƙare, kuma kowa ya taka tun daga tsakiyar fili shi kaɗai, sauran suna masa ihu. Wannan tafiyar ce ke karya zuciya, ba bugun ba. Na ga gwanin ƙungiya, mai yanka mutum uku a guje, ya isa gaban ƙwallo yana kallon ƙasa, tun kafin ya buga na san ta tafi. Na ga kuma ɗan baya mai shiru-shiru, wanda ba a taɓa yi wa tafi ba, ya ajiye ƙwallo, ya ja baya taku huɗu, ya zuba ta a kusurwar da ya saba. Tun daga lokacin ba na rubuta sunayen masu bugawa bisa suna, sai bisa abin da na gani a atisaye.

Abin da za a iya gyarawa

Ba sai mun je nesa neman misali ba, kokowa tana gabanmu. Gasar takobin ƙasa a nan Tawa aka fara ta a 1975, Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobin farko, wato kusan sa'ar Kofin Ƙasa ce. Ita ma ɗan kokowar da ya faɗi ya fita daga neman takobi. Amma dubi bambancin: kokowa tana zagaya jihohi takwas, kowace jiha tana zuwa da 'yan kokowarta goma, kowa ya san wanda yake wakilta. Idan aka zo filin kokowarmu na Tawa, Hamidine Maïdaré, gari gaba ɗaya yake tsayawa, mai adaidaita da mai shago kowa kunnensa a rediyo. Mutanen nan da ke cika filin kokowa su ne dai masu kwana kallon Barcelona da Real Madrid. Ba son ƙwallo suka rasa ba, ƙungiyar da za su kira tasu suka rasa.

Da za a tambaye ni, abu biyu zan fara roƙon FENIFOOT, hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa. Na ɗaya, a sa doka tabbatacciya cewa duk lokacin da ƙuri'a ta haɗa babba da ƙarami, a gidan ƙaramin za a buga. Faransa tana yin haka idan ratar rukuni biyu ce tsakanin ƙungiyoyin. Wanda ke da mota da kuɗin masauki shi ya kamata ya yi tafiya. Kuma ka yi tunanin ranar da ASFAN ko Sahel za su sauka a Ƙonni ko Madawa ko Illela, yaran garin su ga 'yan wasan Mena ido da ido. Kuɗin ƙofa na wannan rana kaɗai zai ɗauki ƙaramar ƙungiya wani lokaci. Na biyu, wasan ƙarshe ya riƙa zagayawa a kai a kai bisa jadawalin da kowa ya sani tun da wuri. Bikin 18 ga Disamba, ranar jamhuriya, ya zagaya jihohi, an yi Dosso Sogha a 2014, Maraɗi Kwalliya a 2015, Agadas Sokni a 2016, Tawa Sakola a 2017, kuma Maraɗi ta karɓi wasannin gasar Afirka ta 'yan ƙasa da shekara 20 a 2019. Ba za a ce jihohi ba su iya karɓar baƙi ba.

A nan dole in yi adalci. Ni mai horarwa ne, ban taɓa riƙe asusun hukuma ba, kuma mai zama a benci yakan ga abu da sauƙi fiye da mai sa hannu a takardar kuɗi. Kai wasan ƙarshe jiha yana buƙatar tsaro, da fili mai kyau, da kayan talabijin, kuma halin da wasu hanyoyinmu suke ciki a 'yan shekarun nan ba abin wasa ba ne. Haka kuma waɗannan gyare-gyare ba za su hana yaro mai hazaƙa tafiya inda ake biya ba. Wannan sai garin da kansa ya tashi: 'yan kasuwarmu na nan da na Abijan da Legas, waɗanda Allah ya buɗa wa, su ɗauki ƙungiya irin Ader FC da tsari na shekara da shekaru, da kuɗin wata ko da kaɗan ne amma ba ya yankewa, maimakon kyautar rana ɗaya idan an kai zagaye mai daɗi. Idan kuma yaro zai tafi, a yi takarda, ƙungiyar da ta raine shi ta sami haƙƙinta ta raini wani.

To, ƙungiyar Tawa za ta iya ɗaga kofin? Za ta iya, da yardar Allah, domin Damagaram ta yi, Arlit ta yi. Amma idan na ce maka baɗi ne, na yaudare ka. Matakin da nake ganin ya dace mu sa a gaba shi ne ƙungiyar da za ta riƙe 'yan wasanta shekara uku a jere, ta zauna daram a rukunin farko, ta saba kaiwa zagayen 'yan takwas. Daga nan wasa uku ne suka rage, kuma a wasa uku komai na iya faruwa.

Kai kuma, tunda kana bugawa, ka shiga ƙungiyar da ke da rajista da lig ɗin jiha, domin ƙungiyar unguwa komai iyawarta ba ta shiga ƙuri'ar Kofin Ƙasa sai da rajista. Ka nemi takardar haihuwarka ta gaskiya ka yi lisans da ita, kada ka yarda kowa ya rage maka shekaru. Kada ka bar lakwal ko sana'arka saboda ƙwallo. Idan kana son ƙarin tarihin, ka nemi dattawan da suka buga a shekarun 1980, suna nan da ransu a Tawa da Maraɗi da Damagaram, wasu da hotunansu a cikin akwati. Ka je da littafi da alƙalami, ka tambaye su wa suka buga da shi, a wane fili, wa ya ci, ka rubuta da shekarar.